Dan Allah me za mu kira "musical" da Hausa? Gobe zan miƙa rubutu

mai_shirin_dare: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shiri a rediyo kan tsofaffin finafinan Amurka na lokacin Kirsimeti, zan taɓo Holiday Inn na 1942, wanda Bing Crosby da Fred Astaire suka fito, Irving Berlin ne ya rubuta waƙoƙin, cikinsu har da White Christmas da ta ci kyautar Oscar. Turawa "musical" suke ce wa irinsa. Ni ya zan faɗa wa masu sauraro?

yar_fagge: Fim ɗin waƙe-waƙe mana, meye na wahala a ciki

mai_shirin_dare: Anti in na ce haka za a ɗauka irin namu ne na Kannywood da ake ajiye labari a je lambu a taka rawa a dawo. Shi wannan waƙar ce ke jan labarin, mutum ne ya mai da gidan gonarsa a Connecticut masaukin da ba a buɗewa sai ranakun biki, kowane biki da tasa waƙar, ka cire su fim ɗin ya rushe

malamin_adabi: Ai muna da sunansa tun kaka da kakanni. TASHE. Wasa ne, waƙa ce, kwaikwayo ne, kuma lokacinsa yake jira a shekara. Ka ce tashen Bature kawai ka huta.

yar_fagge: Haba malam, tashe fa sai azumi ya kai goma, ka ɗora shi kan fim ɗin Kirsimeti a rediyo? Wallahi waya ba za ta bar shi ya gama shirin ba

malamin_adabi: Ke ɗiyata, ita kanta "fim" ɗin da kuke ta maimaitawa Hausa ce? Majigi muka sani. Kun bari Turanci ya cinye ku, in an kawo muku naku sai ku ce ƙauyanci ne.

bakatsine: Allah gafarta malam ai majigin ma daga "magic lantern" ta fito, aro ce, ta dai tsufa a hannunmu ne

malamin_adabi: Abin da ya shekara aru-aru a gida ya zama ɗan gida.

dan_damagaram: Mu nan Nijar "comédie musicale" muka sani a lakwal, kuma kullum haka kuke yi, ku zauna a Kano ku yanke kalma ba wanda ya tambaye mu sannan a ce ita ce daidaitacciya. Ni na ce wasan waƙa

yar_fagge: To wa ya hana ku ƙirƙira? Kuma wasan waƙa ai sai a ɗauka mawaƙi ne ya hau dandamali

mai_shirin_dare: Dan girman Allah ku bar faɗan Kano da Damagaram, lokaci na tafiya. Zan ce "fim mai tafiya da waƙa" a farko in yi bayani, daga baya in riƙa cewa fim ɗin waƙa, har na 1954 mai suna White Christmas da Crosby ya yi da Danny Kaye

bakatsine: Ya yi tsawo amma ba laifi, za a gane

malamin_adabi: Ku je ku yi. A ajina dai tashen Bature zan koyar.

dan_damagaram: Ka ga ni, ko a ce an ji tawa