Neman kalma: gwamnati ta "ƙwace" gona ko ta "karɓa"? Kuɗin kuma diyya ne?

Mai Shirin Noma, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum malamai. Ranar Juma'a za mu sa shiri a rediyo kan gonakin da aikin hanya ke ci, kuma dole rubutun ya shiga hannun edita daren Alhamis. Abu biyu suka tsaya mini: "compulsory acquisition" da "unexhausted improvements". Na farko na sa ƙwace, aka ce in cire. Na biyu ko hanyarsa ban kama ba.

Barista Gusau: Wa alaikumus salam Hajiya. Editanki na da gaskiya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha duka a hannun gwamna a matsayin amana, abin da manomi ke riƙe da shi haƙƙin zama da amfani ne. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙi don maslahar jama'a, da sharaɗin takardar sanarwa ta isa ga mai gona. Ki ce "soke haƙƙin riƙon gona don maslahar jama'a". Idan ba a ba da sanarwa ba, ko aka fake da sunan jama'a aka miƙa wa wani ɗan kasuwa, kotu na iya rushe sokewar. A nan ne ƙwace ke da gurbi.

Mai Shirin Noma: Barista, kafin in kai ƙarshen wannan numfashina ya ƙare. Sau goma zan maimaita shi a shiri ɗaya.

Malam Na-Argungu: Amshewar tilas. Gajere, kuma ya faɗi gaskiya. Amma ni damuwata na wajen diyya, da na tabbata ita za ki sa. Diyya a fiƙihu ta rai ce da gaɓɓai, raƙuma ɗari ga ran mutum. Gona ba ta da jini. Wanda ya ɓata kayan wani ranko yake yi. Na daɗe ina ba da shawarar "rankon ƙasa".

Mai Awon Fili, Talatar Mafara: Malam, ranko zai fi diyya ɓatar da manomi. Ranko na nufin a mayar maka da kwatankwacin abinka, alhali sashe na 29 bai biyan ƙasar kanta. Abin da ke bisa kanta ake biya. Gini: kuɗin sake gina irinsa, a cire tsufan da ya yi, a ƙara kuɗin ruwa idan an yi jinkirin biya. Amfanin gona da itatuwa: farashin da jami'in gwamnati ya tsayar a jadawali. Sai kuɗin hayar ƙasa na wannan shekara, in mutum ya biya. Shi ke nan.

Kalmarki ta biyu, Hajiya, doka ta fassara ta da abin da aka kashe wa kuɗi ko ƙarfi ya zauna daram a ƙasa kuma amfaninsa bai ƙare ba: gini, shinge, rijiya, magudanar ban ruwa, itatuwa masu daɗewa. Noma na yau da kullum bai shiga, sai dai shukar da ke tsaye. To dubi inda rigima ke tashi. Masu ƙidaya su zo a watan Maris, gonar tudu an girbe gero da dawa, ba kowa sai kara. A rubuta mata ɗorawa biyu da tsamiya ɗaya. Takin da aka shekara ashirin ana kai mata da jaki ba shi da layi a takarda. Gonar da aka bari saura ta huta kuwa takan tashi a tutar babu. Shi ya sa mai garkar mangwaro rabin kadada zai fi mai fadamar shinkafa kadada biyar samun kuɗi, a ce an yi son kai, alhali jadawalin ne haka. Ni zan ce "ingantawar da amfaninta bai ƙare ba".

Ɗan Jega: Wace ingantawa kuma? Ku ce "abin da ke kan gona", kowa ya gane. Sannan "amshewa" Sakkwatanci ne, a rediyo karɓa ake cewa.

Malam Na-Argungu: Wa ya ce? Masu saurare a Kamba da Bunza da Augie suke, ba a Kano ba. Mu da munka gaji rubutun ajami tun zamanin Abdullahin Gwandu, ba yau za a koya muna Hausa ba. Kullum sai an kai kalmarmu Kano an buga mata hatimi kafin ta zama Hausa?

Ɗan Jega: Allah ya ba Malam haƙuri, ni ma ɗan nan ne. Daidaitacciyar Hausa nake nufi.

Malam Na-Argungu: Daidaitacciyar da ta ari diyya ta ɗora wa gona, ta ɗora wa motar da ta ƙone, har albashin da aka riƙe? 'Yan jarida ne suka lalata kalmar don gaggawa.

Barista Gusau: Malam, ko ma wa ya fara, kalmar ta zauna. Tun rikicin dam ɗin Bakolori, da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a Afrilun 1980, abin da ake faɗa a Zamfara rikicin diyya. Mutanen Yawuri da ruwan Kainji ya tasa ma da ita suke ba da labari. Canza ta a shiri ɗaya zai sa mai saurare ya ɗauka wani sabon kuɗi ne ake rabo.

Hajiya, in akwai lokaci ki ƙara wannan. Sashe na 30 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ce saɓani kan yawan kuɗi ya tafi Kwamitin Rabon Filaye na jiha, sashe na 47 ma ya hana kotu duba shi. Amma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a biya ba tare da jinkiri ba, kuma mutum na da damar zuwa kotu kan adadin. Kada manomi ya yarda an ce masa ƙofar kotu a rufe take. Haka idan ƙaramar hukuma ce ta ɗauki gonar noma, sashe na 6 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ɗora mata ba shi wata gonar.

Mai Awon Fili: Ki kuma ja kunnensu kan ranar ƙidaya, don nan ake yin asara. Mai gona ya tsaya da kansa, ya bi kowace bishiya, ya duba an rubuta ta babba ko matsakaiciya ko dashe, domin farashinsu ba ɗaya ba ne. Ya ɗauki hoto da waya, ya nemi kwafin takardar kafin ya dangwala yatsa. Gonar aro ko jingina a bayyana tun a lokacin: shuka ta mai noma ce, itatuwa da rijiya na mai asali. Gonar gandu da ba a raba gado ba kuwa, in suna ɗaya ya hau takarda, sai kuɗin ya fito rigimar ta koma cikin gida. Wakilin da zai bi maka haƙƙi kuma a rubuta kasonsa tun farko.

Mai Shirin Noma: Na gode ƙwarai. Ga abin da na tsayar: a buɗe shiri zan karanta na Barista sau ɗaya, bayan nan "amshe gona don aikin jama'a". Ɗayar kuma "diyyar abin da ke kan gona", in bi da misalin rijiya da shinge da itatuwa.

Mai Awon Fili: Ya yi, amma "abin da ke kan gona" ya haɗa har da kara da ciyawa. Za ki sha tambaya a waya.

Malam Na-Argungu: An ɗauki amshe, an jefar da tilas, wadda ita ce ƙashin bayan maganar. Ranko kuwa ban janye ba. Hajiya, in kin buɗe layi ranar Juma'a ki ɗauki kirana.