Jama'a me za mu kira "patina" da Hausa?

Mai shiri, Jekadafari: Salam. Gobe ƙarfe 10 nake da shirin rediyo kan tsofaffin makamai, to akwai wajen da wani bature ke bayanin yadda masu sha'awa a Amurka ke sayen sabuwar libarba samfurin Colt ta 1873, irin ta kaboyi ɗin nan, su cire mata baƙin launin da kamfani ya sa mata da binega a gida su bar ƙarfen ya dushe kamar wadda aka gada tun kaka da kakanni. Wannan launin ne patina. Na rubuta tsatsa amma raina bai kwanta ba.

Jikan maƙeri: Kar ka sa tsatsa zalla yallaɓai, jar tsatsa cin ƙarfe take. Amma in ta hau sama-sama aka tafasa ƙarfen a ruwa, rikiɗewa take ta koma baƙa ta kama jiki, a goge a shafa mai, ita ce ma ke kare shi. Baƙar tsatsa kawai.

Mai shiri: Ai wannan baƙin shi suke cirewa, ni na bayansa nake nema.

Malamin Hausa, Wunti: Ruwan tsufa. Muna cewa an yi wa zobe ruwan zinare, to ga ƙarfe an masa ruwan tsufa. Ku faɗa a baki ku ji daɗinsa. Sannan don Allah ka cire libarba, Turanci ce aka murɗe wa wuya, ka ce bindiga mai juyi.

Anti mai shago: Malam ruwan tsufa kam sai ka ce maganin da ake talla da lasifika a Muda Lawal 😂

Jikan maƙeri: Bindigar ma ai daga Larabci ta zo malam, ko ita ma mu mayar musu?

Malamin Hausa: Aro ya sha bamban da kwasa ɗana. Amma ban yi mamaki ba, ku Gombawa Hausar taku ma ta aro ce.

Mai shiri: Haba malam, mu da muke riƙe da ita da Fulatanci a baki ɗaya? Ku ɗin ma Kanawa dariyar Bausanci suke. Ni fa lokaci ke ƙure min.

Anti mai shago: Ƙanina ka ce launin tsufa ka huta. Tsohuwar tukunyar tagulla in ta yi kore-kore ba ruwan da aka zuba mata, shekaru ne. Kuma ka tuna wa masu sauraro nan ba Amurka ba ce, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattu, kar wani ya ji shiri ya janyo wa kansa.

Mai shiri: Na ɗauka anti. Launin tsufa, sau ɗaya zan ce fatina a farko. Libarba na nan.

Malamin Hausa: To. Launin tsufa ba laifi, bayani ne dai ba kalma ba. Ni a aji ruwan tsufa zan koyar.