Kujerun sarauta ko zaman ƙasa? Ku ba ni shawara

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun kama haya a Agege, hawa na biyu, falon ba shi da faɗi sosai. Raina yana kan kujerun nan masu sassaƙa da ruwan gwal, irin waɗanda ake jera wa amare a Kano. Maigida kuwa zaman ƙasa yake so, irin majalisar Larabawa, da kafet da tum-tum. Wanne zai yi mana ƙarko a garin nan? Ba na son kashe kuɗi sau biyu.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin salo, ki fara duba danshi. Iskar Legas ba ta Kano ba ce. Daga Afirilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗagawa, abin da ya kwanta kai tsaye a ƙasa ko ya jingina da bango sai ya yi fumfuna. Tum-tum na fata ma yana yi. In dai zaman ƙasar za ku yi, a ɗora sosan a kan katako mai gajerun ƙafafu, a bar tazara da bango, iska ta riƙa ratsawa. Ledar roba ta rufe kujera kuma ki manta da ita, zafi da gumi ne ke sa ta ɓarewa.

Anti Rabi: Ni dai masu sassaƙar nake goyon baya, suna da kwarjini. Kuma in surukai sun zo daga Arewa, tsoho mai ciwon gwiwa ba zai iya tashi daga ƙasa ba. Amma seti mai cin mutum 7 zai cinye miki falo. Ki yi mai cin uku da ƙanana biyu.

Abu Yusuf: Hajiya, ni kafinta ne. Ki auna ƙofa da kwanar matakala tukuna, domin bayan irin waɗannan kujeru ba ya lanƙwasa. Ki nemi katakon iroko ko maɗaci da ya bushe sosai. Katakon obeche yana da sauƙin sassaƙa da araha, amma ƙwari na cin sa. Ki je shago ki ga ƙirar tun ba a rufe ta da yadi ba.

Maman Hanan: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yadin fa, karammiski ko wanne?

Hajiya Babba: Da yara a gida, karammiski wahala ne. Ki sa a ɗinka wa matasan kujerun riga mai zif, ki riƙa cirewa kina wankewa.