An ɗauke ni aikin banki amma zuciyata ta ƙi kwanciya, don Allah ku ba ni shawara

Ɗan_Gwammaja:

Assalamu alaikum. Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Ni akanta na karanta, na gama bautar ƙasa shekara biyu kenan, tun lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwarmu, dubu 35 a wata, shi ma wani lokacin sai goma ga wata ake biya. To satin da ya wuce wani banki (ba zan kama suna ba) suka turo min takardar ɗauka bayan jarabawa da intabiyu har biyu, albashin wlh ya ninka abin da nake samu kusan sau bakwai. Matsalar ita ce sashen bada rance aka sa ni, wato ni ne zan riƙa zama ina lissafa wa mutane kuɗin ruwan da za su biya ina shirya takardun.

Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ɗan Kantin Kwari ne, shekara talatin da wani abu yana sayar da atamfa bai taɓa cin bashin banki ba, har lokacin da jarinsa ya karye aka yi ta ba shi shawara ya ƙi, a haka muka tashi muna ji. Yanzu ni ne babba, ƙanne huɗu, ga Umma, ga gidan su yarinyar da nake nema sun fara cewa in turo. Na faɗa wa Umma ina tsammanin za ta yanke min, sai kawai ta ce duk wanda na zaɓa Allah ya sa albarka, wannan ma ya fi dame ni.

Ba fatawa nake nema ba, na san abin da aka ce. Abin da nake so in ji shi ne wanda ya taɓa barin wani abu mai maiƙo saboda abin da ya yi imani da shi, ya ta kaya masa? Da wanda ya karɓa ma, ya faɗa min gaskiya. Ranar Litinin za su rufe.

Baban_Khalifa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na karɓa, don haka bari in ba ka nawa. Da irin tunanin da nake zargin kana yi yanzu na shiga, wai zan yi shekara biyu in tara jari in fita. Shekara tara na yi. Ba wanda ya ɗaure ni, albashin ne ya ɗaure ni, saboda da kuɗi sun shigo rayuwa takan tashi ta bi su, ka canza gidan haya, ka sa yara a makaranta mai tsada, dangi su saba duk wata hidima kai ake kira, ranar da ka ce za ka fita sai ka ga ba kai kaɗai za ka sauko ba, mutum goma ne a kan wuyanka. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, a shekarar farko duk takardar rance da na sa wa hannu sai na ji wani iri, zuwa shekara ta uku ban jin komai. Ba hujja na samu ba, sabo ne kawai.

Amma fa kar ka ɗauka zaɓin biyu ne kacal, ko wannan banki ko dubu 35. Lokacin da na fara aiki ba bankin Musulunci ko ɗaya a ƙasar nan. Jaiz ya buɗe a 2012 da rassa uku, Abuja da Kaduna da Kano, bayan Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fitar da ƙa'idoji zamanin Sanusi Lamido, TAJ ya zo 2019, Lotus 2021. Su abin da suke yi, in kana son injin niƙa misali, banki ne zai saya ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, shi ne murabaha, ko ya saya ya ba ka haya, ijara kenan. Gwamnatin tarayya ma ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na farko a 2017, naira biliyan 100, aka yi tituna da shi. Duk waɗannan akantoci suke buƙata. Akwai cibiyar koyar da harkar a Jami'ar Bayero, kai da kake Kano ko kuɗin mota ba za ka kashe sosai ba. Sai dai ba zan yi maka ƙarya ba, gurbin kaɗan ne, masu nema kuma kamar ƙasa, kuma su ma sukan fi son wanda ya taɓa aikin banki, to ka ga inda gizo ke saƙar.

Sai_Gaskiya:

Ku daina ruɗa yaro don Allah. Mutum yana ɗaukar dubu 35, rabin mafi ƙarancin albashin da aka sa hannu a kai a 2024 kenan, da uwa da marayu huɗu, ana ce masa ya jira gurbi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 cikin kwanaki, me dubu 35 za ta yi? Zamanin Baba daban, yanzu daban. Kuma wa ya tsira? Gwamnati bashi take ci da ruwa ta biya albashi, kuɗin fanshon ma'aikata a takardun lamunin gwamnati ake juya su, kowa a ciki yake tsundum. Malam karɓi aikinka, ciyar da uwa ma ibada ce. Wanda ke ce maka ka bari ba shi zai biya kuɗin makarantar ƙannenka ba.

Maman_Hanan:

Sai_Gaskiya maganarka akwai ƙamshin gaskiya amma wannan "kowa a ciki yake" ɗin ita ce ta kashe mu a ofisoshi. Kuma ko fanshon da ka ambata tun 2021 hukumar fansho PenCom ta kawo asusun da ba ruwa a ciki ga mai so, ni kaina na koma can, takarda ɗaya na cike.

Ƙanena ni ba banki na yi ba, ma'aikaciyar gwamnati ce a sashen kuɗi. Wata rana aka kawo min baucan wani taron bita da ba a yi ba, na san ba a yi ba don ranar ina ofis, aka ce in sa hannu akwai kasona. Na ƙi. Ba wanda ya zage ni, oga ma dariya ya yi ya ce Hajiya ustaziya, bayan wata biyu sai ga takardar canjin wurin aiki, aka kai ni rajista cikin fayiloli da ƙura inda ko alawus ɗin tafiya babu. Shekara shida kenan. Ina faɗa maka ne don masu ba da irin wannan labarin kullum sai su ƙare da cewa bayan sati biyu Allah ya buɗa musu wata ƙofa suka sayi mota. Ni ban sayi mota ba, adaidaita nake hawa har gobe, waɗanda suka sa hannun sun gina gidaje ina gani. Wani lokacin in kuɗin makarantar yara ya taso har cewa nake anya ban yi wauta ba? Amma in aka ce EFCC sun zo sakatariya ni ko gezau, kuma yarana ban taɓa jin nauyin ce musu kar su ɗauki abin wani ba.

Tambayar da zan yi maka ɗaya ce, kuma kar ka ba ni amsa, kanka za ka ba. Wannan ƙyamar taka ce ko ta Baba ce kake riƙe masa? In da yana raye ya ce maka je ka yi, za ka tafi da daɗin rai? In eh ne to kunyarsa kake ji, ita kuma kunya ba ta jure yunwa, wata shida za ka fara jin haushin kanka da na Umma da na kowa. In kuma ko ya ce ka je zuciyarka ba za ta yarda ba, to abin naka ne, ka san dai za ka biya kuɗinsa kuma ba ranar Litinin kaɗai za ka biya ba.

Almajirin_Zaure:

Ka ce ba fatawa kake nema ba, to ba zan bayar ba don ban kai ba. Tunatarwa ce kawai, ayoyin ƙarshen Baƙara daga ta 275 a kan riba a bayyane suke, kuma hadisin la'anar riba da Muslim ya ruwaito bai tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ya haɗa da marubuci da shaidu biyu, shi ya sa sashen da aka sa ka ya fi sauran nauyi. Malamai suna da bayani kan bambancin sassa da kuma halin lalura, amma wannan sai ka je gaban malamin da ya san ka ya san gidanku ka zayyana masa komai, ba a intanet ba. Ka yi istihara kuma.

Ɗan_Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, har Sai_Gaskiya ma don abin da ka faɗa shi kawuna ya faɗa min jiya kusan kalma da kalma, har ya ƙara da cewa taurin kan Baba ne ya bar mu a gidan haya. Anti Maman Hanan tambayarki ta hana ni barci wlh, har yanzu ban gama sanin amsar ba, wani sa'in in ji tawa ce wani sa'in in ji fuskarsa kawai nake gani.

Yau da safe na kira wadda ta yi min intabiyu na tambaya ko za a iya mayar da ni wani sashen, ko na masu karɓar kuɗi a kanta ne, ta ce gurbin na rance ne aka buɗe amma za ta tambaya, in kira ta Juma'a. Gobe bayan asuba zan je wajen malaminmu. Yaya Baban Khalifa don Allah wancan kwas ɗin na Bayero, ana iya yinsa mutum yana aiki ko sai an zauna gaba ɗaya?