Kuɗin mota ne ko toshiyar baki?

Kawu na Mabera: Jiya a majalisa wani yaro ya dage wai ambulan ɗin da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro cin hanci ne. Ni ban yarda ba. Goro ne. Mu Sakkwatawa ba mu sallamar baƙo hannu rabbana.

Malama daga Arkilla: Kawu, goro a bainar jama'a ake raba shi. Wanga kuwa sai an ja mutum bayan mota, an duba sunanshi a takarda. In alheri ne, mi ya kawo ɓoyo?

Tsohon wakilin jarida: Bari in sa baki, don na ci wannan tuwon. Akwai gidajen jaridar da katin shaida kawai za su ba ka, su ce je ka nema da shi. Sai a yi wata uku ba albashi. Tun da anka cire tallafin mai a 2023, wa zai je Isa ko Sabon Birni ɗauko labari da aljihunshi? Amma ba zan ɓoye muku ba. Na taɓa karɓar ambulan wajen buɗe wata rijiyar burtsatse. Da idona na ga tiyon da anka jawo daga tankar ruwa, an rufe shi da tabarma, don famfo ya zubo lokacin ɗaukar hoto. Da dare na zauna rubutu, abin da ya fito shi ne "jama'a sun yi murna".

Kawu na Mabera: To ai ba wanda ya sa ka.

Tsohon wakili: Ba sai an sa ka ba, Kawu. Wanda ka ci nashi, nauyinshi kake ji.

Ɗalibin Jami'ar Ɗanfodiyo: Baba, ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana nema, sun hana karɓa. Ba su ware kuɗin mota ba.

Tsohon wakili: Ɗana, takarda ba ta zuba mai a babur. Je ka karanta wa masu gidajen tukuna.

Malama daga Arkilla: Su ma da laifinsu. Ka saurari gidan rediyon gwamnati lokacin zaɓe, ko a wace jiha, sai ka rantse jam'iyya ɗaya ce a ƙasar. Jaridar da aka fara a Zariya a 1939 sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, mu kuma yau muna gardamar nawa ne kwabon.

Kawu na Mabera: Ni dai ina nan kan bakata, a biya su albashi sannan a zarge su. Rijiyar fa, ta kawo ruwa daga baya?

Tsohon wakili: Na bi ta wajen bara. Awaki ke kwana a gindinta.