Yaya za a ce "circadian clock" da Hausa?

Ɗan Agege: Salamu alaikum malamai. An ba ni rubutu kan noma in mayar da shi Hausa, jibi Alhamis za a karanta a rediyo, ga shi na maƙale a kan circadian clock. Nufinsu tsiro na da wani abu a cikinsa da ke ƙirga masa awa kusan 24. Sun kawo labarin wani Bafaranshe, de Mairan, da ya kulle tsiro cikin duhu a 1729, amma ganyen bai fasa buɗewa da safe da rufewa da dare ba. A agaza mini.

Malamar Sakandare: Agogon jiki mana, da shi ake bayanin barci.

Ɗan Agege: Na mutum ke nan, Malama. In na ce jikin dawa sai an yi mini dariya.

Mai Albasa a Mile 12: Mu a gona mun san abin, suna ne ba mu sa masa ba. Tsamiya da gyaɗa duk suna haɗe ganye da magariba. Maiwa kuma ko ka riga kowa shuka ba za ta fid da kai ba sai damina ta ja baya.

Malamar Sakandare: Alhaji, kada a haɗa su. Na maiwa auna tsawon dare ne, shi wasu masana biyu, Garner da Allard, suka bayyana a Amurka a 1920, da taba da waken soya. Agogon shi ne abin awon. Ni dai a ce agogon kwana. Kalmar tasu daga Latin take, ma'anarta "kusan yini guda", mu kuwa muna da kwana, da ya haɗa dare da rana.

Dattijon Idi-Araba: Ku yara ba kwa bincike. Agogo ba Hausa ba ce, daga Yarbanci muka aro. Kafin agogo da me kakanninmu ke tashi asuba? A ce zakaran ciki. Shekara uku ina kawo wannan kalma, ba mai saurare.

Ɗalibin Akoka: Baba, a gafarce ni, zakaran ciki kamar sunan ciwo. Wani zai tafi kemis neman maganinsa.

Dattijon Idi-Araba: Yaro, ka yi dariyarka. Zaman Ikko ya sa kuna ganin sai da aro harshenku zai yi kwarjini.

Ɗalibin Akoka: To lokaci fa, Baba? Larabci ce. Sa'a ma haka. Me ya sa aro daga gabas ado ne, daga kudu kuma abin kunya?

Dattijon Idi-Araba: Wannan ta zo da littafi, ba ɗaya ba ne.

Mai Albasa a Mile 12: Allah Ya huci zuciyar Baba. Ni tambayata zafi. In dare ya yi zafi furen tumatir zubewa yake, alkama kuma sai da hunturu ake yin ta a Kadawa. Shi ma agogon ne?

Malamar Sakandare: A'a, Alhaji, wannan aikin zafi ne kai tsaye. Agogon kam sanyi da zafi suna iya saita shi, amma ba sa sa shi gudu ko nawa sosai. Shi ya sa na fi son agogo. Zakara cara kawai yake yi, wannan kuwa yana tsara buɗewar ƙofofin ganye da yadda tsiro ke cin sitacinsa cikin dare don kada ya ƙare kafin gari ya waye.

Ɗan Agege: Na ɗauki agogon kwana na tsiro, zan yi bayani sau ɗaya a farko. Baba, zakaranka zai shiga a matsayin misali. Saura na maiwar nan.

Dattijon Idi-Araba: Misali kawai. To, ku je da agogonku. Amma na maiwa kada kowa ya taɓa, ina da kalma, sai na dawo daga masallaci.