Aérodrome da piste: me za mu kira wurin da ƙaramin jirgi ke sauka?

Mai fassara a rediyo, Damagaram

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya, nake neman taimakonku. Aikina mayar da sanarwa daga Faransanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo nan Damagaram. Da zarar damina ta fara ja baya aka shiga maganar feshin fara da tsuntsu jan baki, ko aka kawo labarin jiragen agaji masu zuwa Diffa, sai kalmomi uku su haɗu mini a takarda ɗaya: aéroport, aérodrome da piste. Mu kuwa guda ɗaya tak muke da ita, filin jirgi. Na Diori Hamani a Yamai filin jirgi ne, namu na nan filin jirgi ne, wanda ke Gure ko Tanut shi ma filin jirgi.

Mai sauraro a ƙauye in ya ji an ce filin jirgin Gure, zai ɗauka akwai inda ake yankar tikiti a hau a tafi Yamai, alhali ba jirgin fasinja mai zuwa can. Na gwada cewa ƙaramin filin jirgi, bai kwanta mini ba, domin ba faɗin ƙasa ne ya raba su ba. Wani filin daji in ka tsaya a bakinsa ba za ka hango ƙarshensa ba. Abin da ake yi a wurin ne ya bambanta. Ina son kalma gajera, wadda tsohuwa a Mirriya za ta ji ta gane ba sai na yi mata tafsiri ba.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in raba maka kalmomin tukuna, kafin malaman Hausa su shigo.

A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, OACI, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, aérodrome shi ne duk wurin da aka keɓe, a tudu ko a kan ruwa, don jirgi ya sauka, ya tashi, ya yi motsi a ƙasa. Ka ga ke nan na Yamai ma aérodrome ne. Aéroport kuwa shi ne wanda aka ƙara wa kayan hidimar fasinja: zauren jira, awon jakunkuna, ƴan sanda, in na ƙasa da ƙasa ne a sa duwan da masu duba katin rigakafi. Piste ba filin ba ce duka, ita ce shimfiɗar da tayar jirgi ke gudu a kai.

Sai dai a bakin ma'aikata, in an ce aérodrome aka yi shiru, ƙaramin ake nufi. Me ke cikinsa? Shimfiɗa ɗaya, wani wuri ta gudron, galibi ta marmara da aka daddaɓe. Fararen alamu a gefe don matuƙi ya ga iyaka daga sama. Doguwar sanda da aka ɗaura wa buhun yadi mai ja da fari, buɗe ta baki biyu, iska na shiga tana miƙar da shi. Iyakar kayan ke nan. Ba hasumiyar masu ba jirage umarni, ba fitila, sau da yawa ko shinge babu, mai kuma sai an kai shi a duro da mota. Shi ya sa matuƙi ba ya faɗowa kai tsaye. Zai yi ƙasa-ƙasa ya bi ta kan shimfiɗar sau ɗaya, ya duba ko akwai awaki ko jaki ko inda ruwa ya ci, ya kalli buhun nan ya ga ina iska ta nufa, sannan ya kewayo ya sauka.

Jirgi da iska a fuskarsa yake tashi, haka kuma yake sauka, don fukafukansa su ɗauke shi ba tare da ya yi dogon gudu a ƙasa ba. Mu nan da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juya daga kudu maso yamma, saboda haka shimfiɗa ɗaya baki biyu gare ta, kowane da lambarsa. Lambar ba ta jeri ba ce, alƙiblar kamfas ce aka raba da 10. Misali bakin da ke duban digiri 60 sai a rubuta masa 06, ɗaya bakin 24, kullum tazarar 18 ce tsakani.

Sai zafi. Damagaram tana sama da mita 450 daga bakin teku, a watan Afrilu kuma zafi ya haura 40. Iska in ta yi zafi sai ta yi shara-shara, jirgi ya buƙaci ƙarin gudu kafin ya ɗaga, ko a rage masa kaya. Dalilin da ya sa matuƙan ƙananan jirage ke son sammako ke nan. Hazo kuma ya fi komai hana su aiki, don mai tuƙi da ido a ƙa'ida yana buƙatar hangen kilomita 5, a wurin da ba na'urar da za ta jagorance shi zuwa ƙasa. Rana ta faɗi kuwa, an rufe sai gobe.

Ɗan Zango

Baba, Allah ya ƙara lafiya, yau mun sha karatu. Malam mai fassara, ni dai ban ga abin wahala ba. A ce zangon jirgi. Unguwarmu ta Zango ai sunanta daga nan ya fito: ayarin raƙuma masu fitowa daga Ayar da Sahara za su Kano, nan bayan ganuwar Birni suke sauke kaya, su huta, su ɗaura su wuce. Zango ba gida ba ne, ba kasuwa ba ce, wurin tsayawa ne a kan hanya. Jirgin feshi ko na likitoci da ya sauka a daji me ya yi in ba ya da zango ba? Kalmar tamu ce tun kaka da kakanni, ba wanda zai tambaye ka ma'anarta.

Malamar lakwal, Mirriya

Ƙanena ɗan Zango, ka so unguwarku da yawa. Kalmar tana da daɗi, amma kaya sun yi mata yawa. Zangon karatu muna da shi a lakwal, gajeren zango yana nan a rediyon da Malam ke aiki. Mafi muni, a maganar jirgi ma an riga an ba ta aiki: in an ce jirgin alhazai ya ya da zango a wuri kaza, escale ake nufi, wato tsayawa a kan hanya, ko da a filin da ya fi kowane girma ne. In muka ce zangon jirgi, za a ji kamar inda ake tsayawa shan mai.

Hausa tana da hanyarta ta sa wa wuri suna daga aikin da ake yi a cikinsa. Inda ake sha mashaya, inda ake jima majema, inda ake rini marina, inda ake ƙira maƙera, inda ake saƙa masaƙa. To inda ake sauka fa? Masauka. Ni masaukar jirgi nake gani. Ku lura ban ce masauki ba, wannan na baƙo ne, ɗaki da shimfiɗa da ruwan wanka. Inda ake shigar da jirgi ya kwana kuwa rumfar jirgi ta ishe shi, tunda hangar ɗin ma rumfa muke ce mata a kasuwa.

Wani zai ce ai jirgin tashi yake yi ba sauka kaɗai ba. Gaskiya ne, amma ku gwada ginawa daga tashi ku ji abin da zai fito: matashin jirgi, ko matasar jirgi. Na farko abin ta da kai ne, na biyu kuma sai a zaci samari ake nufi. Kuma mutumin ƙasa saukar yake jira, ita ce take kawo masa magani ko likita.

Bakano mai bibiyar zauren

Salamu alaikum mutanen Damagaram, ku ba maƙwabci wuri. Abin da zan roƙa shi ne kada a taɓa filin jirgi, a bar wa manya. Na ga wasu a wani wuri suna cewa a kira babban tashar jirgin sama, tunda tasha ce ake yankar tikiti, a bar wa ƙaramin fili. A hankalce ya yi, amma an makara. BBC da RFI kullum filin jirgin sama na Malam Aminu Kano suke cewa, filin jirgin sama na Diori Hamani, kunnen mutane ya riga ya saba.

Kuma sunan yana da tarihi. Jiragen farko da suka sauka Kano a ranar 1 ga Nuwamba 1925, na sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar, a filin dawaki suka sauka. Ba gini, ba komai, fili ne kurum. Gine-gine daga baya suka zo suka tarar da sunan. Saboda haka ƙaramin ne ke buƙatar sabon suna, kuma na Malama ya yi mini. Piste kuwa mu titin jirgi muke cewa, ba mu taɓa samun wanda bai gane ba.

Ɗalibi a EAMAC, Yamai

Ina gaida iyayena. Ni ɗan Garin Malam ne, ina karatu a EAMAC da ke Yamai, makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama ta ASECNA, hukumar da aka kafa a 1959 don kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashenmu. Masauka ta yi, amma Yaya mai fassara ka kula da abin da Baba ya faɗa da farko. In takardar doka ce ta ce aérodrome, ta haɗa da manya. Kowanne yana da lambar haruffa huɗu a rajista ɗaya: Yamai DRRN, Maraɗi DRRM, Tawa DRRT, Agadas DRZA, Diffa DRZF, namu DRZR. A irin wannan takarda in ka ce masauka kaɗai, ka fitar da Yamai daga dokar.

Titi ne ban yarda da shi ba, Yayana na Kano ka yi haƙuri. A wajenku piste ba ta da wata ma'ana, mu kuwa a nan piste hanyar daji ce da amalanke da ɗan kabu-kabu ke bi. In muka ƙara kiran ta titi a Hausa, mun gaya wa mai amalanke cewa hanya ce. Ga ta miƙaƙƙiya, a daddaɓe, ba shinge, ta fi hanyar gari kyau, wa zai ƙi bi? A masaukar da ba hasumiya, matuƙi shi ke sanar da kansa a rediyo, ya ce ga ni ta wuri kaza zan sauka ta baki kaza, amma sauran matuƙa ne ke jin sa, makiyayi ba ya ji. Jirgi irin Cessna Caravan mai inji ɗaya shimfiɗar da ba ta kai kilomita ɗaya ba ta ishe shi, amma saniya ɗaya a tsakiya ta isa ta jawo asarar rai. Baba tun ɗazu shimfiɗa yake cewa bai ma lura ba. Me zai hana a ce shimfiɗar jirgi?

Mai fassara a rediyo, Damagaram

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya. Wanda fasinja ke hawa, kamar namu da aka gyara gabanin bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamba 2018, zan ci gaba da kiran sa filin jirgi. Na daji zan ce masaukar jirgi. Na karanta wa abokan aiki jimlar nan da ƙarfi, "jirgin feshi zai yi amfani da masaukar jirgi ta Tanut", ba wanda ya ce in maimaita.

Piste kuwa, ƙanena, hujjarka tana da ƙarfi amma ba zan bi ka duka ba. In na ce jirgi ya kauce daga shimfiɗarsa, rabin masu sauraro tabarma za su gani. A labarai titin jirgi zan riƙe, tunda shi ake ji a manyan gidajen rediyo. Amma in sanarwar gargaɗi ce ga makiyaya da masu amalanke, ba zan ambaci titi ba sam, zan ce kada a bi ta cikin masauka, kada a kora dabba a ciki. Wannan ma wani amfanin kalmar ne da ban hango ba sai da ka yi magana.

Malama, saura jam'i. In takardar doka ta zo kamar yadda yaron nan ya ce, filayen jirgi da me zan ce?

Malamar lakwal, Mirriya

Masauku, Malam. Makaranta makarantu, ma'aikata ma'aikatu, masauka masauku. Masaukai na baƙi ne, ka bar musu abinsu. Sai ka ce filayen jirgi da masauku na jihar Damagaram.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi

Masauku ta yi mini nauyi a baki, ɗiyata, amma na ji hujjarki, a gwada ta a rediyo a gani. Buhun nan mai ja da fari dai ba wanda ya sa masa suna a cikinku. Faransawa hannun riga suke ce masa. Ni tutar iska nake ce wa jikokina, in akwai mai wadda ta fi ta ya kawo.